MABUL A BANGON KICIN: MUN SAYI DUTSE, MUN MANTA DA MAKUBA

Yau ina roƙon arzikin ku yi mini haƙuri in ɗan kauce daga batun littattafai in leƙa ɗakin girki. Na san wani zai ce me ya haɗa namiji da maganar kicin, kuma me ya haɗa dandalin adabi da bangon murhu? To, a biyo ni a hankali, domin kafin in ajiye alƙalami za a ga cewa mu marubuta ma muna da namu kason laifi a cikin zancen.

Watannin baya na kai ziyara gida, Birnin Gwari, sai na biya in gaisa da wata 'yar ƙanwata da aka kai ɗakin miji bai fi shekara guda ba. Ranar da aka yi mata jere, kicin ɗinta ne ya zama abin kallon 'yan biki. Mijin nata yaro ne mai neman na kansa, ya ƙure ƙarfinsa ya sa aka manna farin mabul mai jijiya-jijiya a bangon da ke bayan abin girkin gas, tun daga kan kanta har zuwa ƙarƙashin durowoyin sama. Ba irin tayil ɗin nan na kamfani da ake yi wa zanen mabul ba, a'a, dutse ne na gaske, tun daga Kaduna aka ɗauko shi. A ranar, mutum yana iya ganin fuskarsa a jikin bangon. Mata suna shiga suna fita, ana ta “tubarkalla, masha Allah.”

Da na koma a wannan karon, sai na tarar yarinya ba ta son in shiga kicin ɗin. Da na matsa, ta buɗe ƙofa tana sunkuyar da kai. Bangon nan da ake yi wa kallon madubi ya zama abin tausayi: ɗigon manja ya zauna daram kamar an shafa lalle, ga wasu tabbai duhu-duhu na man gyaɗa, sannan daidai tsakiya, inda ta fi durzawa, ƙyallin ya mutu murus, wurin ya yi fari fat kamar an goga alli.

Ta ce da ni, “Kawu, wallahi ba ƙazanta ba ce. Kullum sai na wanke shi. Na sa omo, na sa toka, na sa soson waya, har lemon tsami na matsa masa da aka ce yana cire maiƙo, amma kamar ƙara shi nake yi. Shi kuma ya ce ban san darajar kaya ba, wai gidanmu ba a koya mini tsafta ba.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai, domin na san gidan da ta fito, na kuma san uwar da ta rene ta. An bar jaki ana dukan taiki. Yarinyar ba ta yi sakaci ba. Ƙoƙarinta ne ma ya ƙarasa bangon, garin neman gira aka rasa ido. Laifin yana wurin waɗanda suka sayar da dutsen, da wanda ya manna shi, da wanda ya biya kuɗin, waɗanda a cikinsu babu ko ɗaya da ya gaya mata abin da dutsen yake so da abin da ba ya so, wataƙila don su ma ba su sani ba.

Ya kai mai karatu, bari mu fara sanin mene ne mabul. A ido, dutse dutse ne, amma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Asalin mabul dutsen farar ƙasa ne wanda zafi da nauyin ƙasa suka gasa shi tsawon zamani har ya rikiɗa ya yi ƙyalli. Sinadarin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin ɓawon ƙwai da ƙwanson katantanwa. Ana haƙo shi a ƙasar nan, a wurare irin su Jakura a Jihar Kogi da Igbeti a Jihar Oyo, kuma ana shigo da shi daga waje, musamman daga Italiya, inda garin Karara ya yi suna da farin mabul tun zamanin Rumawa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, mabul yana wajen hawa na 3 ne kawai, alhali dutsen giranit yana tsakanin 6 da 7. Ma'ana, bakin wuƙa yana iya karce mabul, haka ma ƙwayar yashin da ke cikin toka.

Wannan dutse yana da abokan gaba guda biyu, kuma duka biyun a kicin ɗin Bahaushiya suke kwana suke tashi. Na farko shi ne maiƙo da duk wani abu mai launi. Jikin mabul yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kamar dai yadda randa take tsattsafo da ruwa, sai dai nasa sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan manja ko man gyaɗa ko kori ko shayi ya fantsama ya daɗe, sai ya bi ta ƙofofin nan ya shige ciki, ta yadda duk durzar da za a yi a waje take tsayawa. Na biyu shi ne tsami. Duk abin da ke da tsami cin mabul yake yi, ba tabo yake yi masa ba. Wanda ke shakka ya ɗiga lemon tsami a kan ɓawon ƙwai ya zuba ido, zai ga yana tsiyayar da kumfa. To abin da ke faruwa a bango ke nan. Yanzu ka lissafa abin da muke dafawa: tumatir, tsamiya, yakuwa, zoɓo, nono, lemon tsami. Kusan babu ranar da ɗaya daga cikinsu ba ya tafasa a tukunya yana tsartuwa a bango. Ashe ka ga mun ɗauki ɗan lelen dutse mun kai shi fagen fama ba tare da garkuwa ba.

Garkuwar kuwa akwai ta. Wani ruwa ne da masu sana'ar dutse ke kira sila, wanda ake shafa wa mabul ya tsotse, ya shiga ƙofofin nan ya zauna, ta yadda mai da ruwa ba za su samu hanyar shiga da wuri ba. Da mai kanti yake yi mini bayaninsa a Kaduna, yana ta kawo sunaye na Turanci, sai na yi dariya na ce da shi, “Malam, ai wannan makubar Bature ce.” Ya dube ni bai gane ba, domin yaro ne ɗan birni, bai taɓa jin kalmar ba. A nan ne na fahimci inda matsalarmu take.

Mu da muka tashi a ƙasar Birnin Gwari mun san makuba tun muna goye. Idan bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, yara da mata sukan bazama gonaki da gefen daji ana kaɗo ta. A ɗorawa babu abin yarwa. Garin nan rawaya a sha shi, kalwa a dafa ta a yi daddawa, ɓawon kuma a tara shi a jiƙa ko a tafasa, ya ba da wani ruwa ja-ja mai duhu, mai ɗaurin baki. Wannan ruwa shi ne makuba. Idan za a yi wa amarya daɓe, sai matan unguwa su taru, a baza tsakuwa da ƙasa, kowace ta riƙe madaɓinta, ana bugu ana waƙa, ana yayyafa makuba ana sake bugu, har sai ƙasa ta haɗe ta yi santsi ta yi ƙyalli. Daɓen da ya sha makuba sosai, ko ruwa aka zubar a kansa ba ya jiƙewa nan take. Da ita ake shafe bangon ƙasa don kada ruwan sama ya zaizaye shi. Matan Gwari masu ginin tukwane, waɗanda duniya ta san gwanintarsu ta dalilin Ladi Kwali da hotonta ke jikin takardar Naira 20, su ma sukan yayyafa wa tukunya irin wannan ruwa tana fitowa daga wuta da zafinta, ya toshe mata jiki ya ba ta launi. Magina kuma suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe rufin soro da shi.

Abin lura a nan shi ne, kakanninmu ba su taɓa ɗaukar gini a matsayin abin da ake gamawa a juya masa baya ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta yi boko ba, amma ta san cewa duk abin da ke shan ruwa sai an toshe masa baki, kuma toshewar ba ta sau ɗaya ba ce. Kafin damina ta faɗi sai an duba katanga an yi yaɓe, an duba indararo, an sabunta daɓen da ya fara fashewa. Ba a jiran sai bango ya tsage, domin an san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har gobe a garin Jenne na ƙasar Mali, mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwatarsu shekara-shekara su yi wa babban masallacinsu na ƙasa yaɓe, shi ya sa ginin da aka ɗaga a 1907 yake tsaye.

Da siminti ya zo, sai muka ɗauka an 'yanta mu daga wannan hidima. Da tayil ya biyo baya, sai muka ƙara sakankancewa. Muka shiga wani tunani na cewa abu in dai mai tsada ne, to ba ya bukatar kulawa, kuɗin da aka kashe shi zai tsare shi. Wannan shi ne kuskuren da nake son mu tattauna, domin bai tsaya a bangon kicin ba. Shi ne a motocinmu da ba a yi musu juyen mai sai sun tsaya, shi ne a rijiyoyin burtsatse da ake buɗewa da kiɗa da algaita a bar su su mutu saboda ƙaramin ƙarfe, shi ne a azuzuwan makarantun da kwano ɗaya ke ɗagawa a bar iska ta kwashe sauran. Mun iya saye, mun iya biki, amma riƙo ya gagare mu.

Alhali ko waɗanda suka fi mu dukiya da sanin dutse ba su tsira daga hidimarsa ba. Duk wanda Allah Ya kai shi Makka ya taka farin mabul ɗin da ke harabar Ka'aba, wanda aka ɗauko daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ya ji yadda ba ya ƙona ƙafa ko da rana tsaka; to ya kuma ga rundunar ma'aikatan da ke wanke shi dare da rana ba hutawa. A Indiya akwai Taj Mahal, ginin da Sarki Shah Jahan ya fara a 1632 don tunawa da matarsa Mumtaz. Hayaƙi da ƙurar birnin Agra suka sa farin mabul ɗinsa ya soma komawa rawaya, har a 1996 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci masana'antun da ke kewaye da shi su daina ƙona kwal ko su tashi. Kuma ka san da me ake wanke shi? Da yumɓu! Akan shafa masa wata irin laka mai tsotse maiƙo, a bar ta ta bushe, sannan a wanke da ruwa mai tsabta. Idan ginin da duniya ke tururuwar kallo yana bukatar a yi masa yaɓe, ina ga bangon da miyar kuka da manja ke yi wa feshi safe da yamma?

Don kada a ce na zo da ƙorafi ban zo da magani ba, ga abin da na koya, wanda kuma muka gwada a gidan 'yar tawa.

Da farko, a tabbatar da abin da aka saya. Da yawa daga abin da ake kira mabul a kasuwa tayil ne na kamfani da aka gasa aka yi masa zanen mabul. Irin wannan ba ya shan mai, tsamin abinci ba ya cin sa, ba ya bukatar sila, sai dai a kula da layin farin simintin da ke tsakaninsa. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a juya bayansa a kuma dubi gefensa: dutse na gaske jijiyarsa ta ratsa har ciki, kuma da wuya ka samu guda biyu masu zane iri ɗaya sak. In da ragowar gutsure, a ɗiga masa lemon tsami a bar shi 'yan mintoci. In wurin ya dushe, mabul ne na gaske.

Na biyu, in sabon aiki ne, a hana mai manna tayil wanke shi da ruwan asid. Wannan al'ada ce da ta zama ruwan dare wurin masu aikin, domin tana cire ragowar siminti da sauri, amma a kan mabul kisa ce tun ranar farko. A bar simintin tsakani ya bushe kwana 2 zuwa 3 kafin a shafa komai.

Na uku, shafa silar kanta. A nemi irin wadda dutse ke tsotsewa, ba mai kwanciya a sama kamar fenti ba, domin mai kwanciya a sama zafin murhu yana sa ta ɓamɓarewa. A wanke bango da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, a ɗauraye, a bar shi ya bushe ƙarau, gwamma ya kwana. A kashe gas, a fitar da duk wata wuta, a buɗe tagogi, domin wasu irin suna da wari mai hawa kai kuma suna kama wuta. A fara gwadawa a wani lungu. Sannan a shafa da tsumma mai laushi ko soso, kaɗan-kaɗan, har da layin siminti. A bar shi ya sha na tsawon mintocin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan a goge duk abin da ya rage a sama tun bai bushe ba, in ba haka ba zai bar hazo mai wuyar fita. In dutsen ya shanye da sauri, a ƙara shafa ta biyu. Daga nan a ƙyale bangon awa 24 ba ruwa ba girki.

Na huɗu, a san cewa sila ba ta dawwama. Bayan wata 6 zuwa shekara guda, musamman daidai bayan tukunya, a gwada: a manna jiƙaƙƙen tsumma a bango na 'yan mintoci a cire. In wurin ya yi duhu, dutse ya koma shan ruwa, lokacin sabuntawa ya yi. Ni shawarar da na ba su ita ce su haɗa shi da sharar gida ta kafin azumi, don kada a manta.

Na biyar, kuma wannan ne mutane suka fi yin kuskure a kai: sila tana jinkirta shigar mai ne kawai, ba ta hana tsami cin dutse. Saboda haka duk abin da ya fantsama a goge shi nan take da tsumma mai laushi, kada a bari sai an gama cin abinci. A nisanta bangon da lemon tsami, da ruwan tsamiya, da ruwan wanke masai, da toka, da yashi, da soson waya. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulu mai sauƙi sun wadatar, sai a bi da busasshen tsumma. Ranar suya kuwa, a jingina faffaɗan tire ko murfin tukunya a bayan kasko ya tare tsartuwar mai. Dabara ce ta kyauta da ta fi kowane magani.

In kuma mai ya riga ya shiga, ba durza ake yi ba, jawo shi ake yi. A dama garin bekin soda da ruwa ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai, a lafta a kan tabon, a rufe da leda a manne gefe da salatif, a bar shi kwana 1 ko 2, sannan a cire ledar a bar shi ya bushe, a kankare a hankali da cokalin roba. Yayin da yake bushewa ne yake tsotso man. Wani tabon sai an maimaita sau biyu ko uku. Haka muka yi, kuma mafi yawan tabon manjan ya fita. Amma wurin da lemon tsami ya ci yana nan, domin wannan ba datti ba ne, fatar dutsen ce ta tafi, sai dai mai injin goge dutse ya sake fito da ita.

Na san akwai masu cewa, “To Malam, so kake mu koma daɓe da bangon ƙasa?” Ko kusa. Ba na cikin masu ganin duk abin da ya wuce ya fi na yanzu. Bangon da ake iya wankewa ya fi tsafta, ya fi sauƙi ga mace, kuma ita kanta makuba in ka shafa ta a farin mabul rina shi za ta yi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da nake cewa a ɗauko daga wurin kakanninmu ba ruwan ɗorawar ba ne, halin ne: sanin abin da ka mallaka, da ware masa lokacin gyara tun bai lalace ba. Wanda kuma ya san ba zai iya wannan hidima ba, to babu kunya ya sayi tayil na kamfani ko giranit, daidai ruwa daidai tsaki. Balle gidan da da itace ko gawayi ake girki, inda hayaƙi ke turnuƙe ɗaki. Kai mabul can almubazzaranci ne kawai. Sau nawa muka ga gida mai kicin biyu, na ciki an ƙawata shi an kulle don baƙi, ainihin girkin kuma yana can bayan gida a kan duwatsu uku?

Wannan magana ta fi nauyi a wurinmu mutanen Birnin Gwari. Shekaru muka kwashe hanyar Kaduna tana zaman tarkon mutuwa, ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma saura. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, mutane suka soma komawa suna ɗaga bangayen da suka zube. Duk wanda ya sa bulo a kan bulo a wannan ƙasa, da guminsa da hawayensa ya sa. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala bai kamata a manna shi a bango don burge 'yan biki na yini ɗaya, a wayi gari ya zama sanadin ɓacin rai tsakanin miji da mata ba.

Haka kuma in muka ɗaga kai daga bangon kicin muka dubi dajin da ke kewaye da mu, darasin ɗaya ne. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100, shi da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da shi cike suke da doka da maje da ƙirya da taura da ɗorawa. A da, manomi in yana sharar gona ba ya sa wa ɗorawa gatari, domin ya san daddawar miyarsa da makubar ɗakinsa a jikinta suke. Yau da makuba ta fita daga rayuwarmu, itacen ya rasa ɗaya daga cikin masu kare shi, ga kuma buhunan gawayi jibge a bakin titi suna jiran motocin birni. Gawayin nan shi ne zai je ya yi hayaƙin da zai baƙanta bangon da aka kashe dukiya a kansa. Abin da ba a san amfaninsa ba, ba a tsaron sa.

Sai ku 'yan'uwana marubuta, na yi alkawarin zan dawo kanku. Littafi nawa muka karanta, ko muka rubuta, inda ake kai jaruma wani tanƙamemen gida, a ɓata shafi biyu ana wassafa kicin ɗinta, mabul tun daga ƙasa har sama, komai yana ɗaukar ido? A cikin labaran nan ana soya kaji, ana haɗa miya kala-kala, shekaru suna wucewa, amma bangon ba ya taɓa yin tabo, ba a taɓa nuna hannun da ke goge shi ba. 'Yan matanmu suna karantawa su ɗauka haka duniya take, samari kuma su ɗauka soyayya ita ce ƙyalli. Ba na cewa a daina ƙawata labari, mafarki ma abinci ne. Amma da za a samu marubuciya ɗaya da za ta sa jarumarta ta tsaya ta kare kanta da ilimi ranar da aka ce mata ƙazama, ko ta nuna mana tsohuwa tana koya wa jikarta yadda ake riƙon ɗaki, da ta yi wa masu karatu hidimar da ta fi wassafa labule da kujeru.

Kafin in baro gari na zaunar da mijin yarinyar, na ɗauko ragowar gutsuren dutsen da ke bayan ɗaki, na matsa masa lemon tsami a gabansa. Muka zauna muna kallo har wurin ya dushe. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, “Kawu, ashe na zalunce ta.” Na ce da shi gane kuskure rabin gyara ne, sauran rabin kuma ya tashi ya shiga ciki ya faɗa mata da bakinsa. Ya kuma yi alkawarin shi da kansa zai riƙa shafa silar duk shekara, tunda shi ya zaɓo dutsen.

Ina kira ga masu sayar da mabul su ji tsoron Allah su riƙa yi wa mai saye bayani, ga masu manna shi su nemi ilimin sana'arsu, ga magidanta kuma su yi tambaya kafin su zare kuɗi, su yi bincike kafin su ɗora laifi. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara a kan abin da na faɗa, musamman iyayenmu mata da suka yi daɓe da hannunsu, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a gidajenmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da Ya ba mu.